Begum Jahanara Shahnawaz: 'Yar majalisar da ta tsaya sai da aka ba matan Punjab gadonsu na gona

 

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya karanci babin gado ya san rabon 'ya mace da ka. Idan ita kaɗai ce tana da rabi, idan su biyu ne ko fiye suna da kashi biyu cikin uku, idan kuma akwai ɗa namiji tare da ita tana ɗaukar rabin abin da ya ɗauka. Matar mamaci tana da rubu'i in bai bar ɗa ko 'ya ko 'ya'yan ɗansa ba, tana da sumuni in ya bari. Allah bai bar wannan rabo a hannun malami ko sarki ba, Shi da kanSa Ya yanka shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Sai dai akwai tambayar da ba kasafai ake yin ta a zauren karatu ba: yaya za ta kasance idan an umarci alƙalin da ke zaune a kotun ƙasa ya duba wani littafi daban kafin ya duba wannan? A irin wannan hali Musulmin lardin Punjab suka zauna shekara 76, daga 1872 zuwa 1948. Matar da za mu kawo tarihinta a yau, Begum Jahanara Shahnawaz, tana sahun gaba cikin waɗanda suka kawo ƙarshen wannan hali, kuma ta bi ta hanyar majalisa ne: kujera, da kwamiti, da muhawara, da sanin yadda ake sa ƙuduri a jadawalin zama da yadda ake zare shi.

Asalinta da tasowarta

An haife ta a birnin Lahore ranar 7 ga Afrilu, 1896, lokacin da Indiya da Pakistan da Bangladesh na yau suke ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Turawan Ingila. Ta fito daga gidan Mian na unguwar Baghbanpura, zuriyar da aka sani da riƙon lambun Shalimar wanda sarkin daular Mughal, Shah Jahan, ya gina. Mahaifinta, Mian Muhammad Shafi, babban lauya ne da ya yi karatu a Ingila. Yana cikin waɗanda suka kafa reshen Punjab na jam'iyyar Musulmin Indiya, wadda aka fi sani da Muslim League, kuma tsakanin 1919 da 1924 ya zauna a majalisar zartarwa ta Gwamna-Janar, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, inda ya riƙe sha'anin ilimi, daga baya sha'anin shari'a. Mahaifiyarta, Amir-un-Nisa, tana cikin jagororin ƙungiyoyin matan Musulmi na Lahore. Kalmar Begum kuwa laƙabin girmamawa ce da ake yi wa matar aure mai daraja a can, kamar yadda mu muke cewa Uwargida.

An yi mata aure a 1911, tana da shekara 15, da Mian Shah Nawaz, lauya kuma ɗan siyasa daga danginsu, kuma sunansa ne ya bi ta har ƙarshen rayuwa. Ta yi karatu a kwalejin 'yan mata ta Queen Mary da ke Lahore. Ta fara aikin jama'a a ƙungiyoyin mata, da kwamitocin ilimi da na marayu na ƙungiyar Anjuman-i-Himayat-i-Islam, da kwamitocin kula da masu haihuwa da jarirai. A 1918, a babban taron matan Musulmin Indiya da aka yi a Lahore, ta gabatar da shawarar da ke adawa da ƙarin aure kamar yadda ake yin sa a wancan lokaci. Taron ya amince, amma maganar ta tayar da ƙura, domin halaccin ƙarin aure da sharaɗin adalci nassi ne. Za mu dawo kan wannan ɓangare na rayuwarta a gaba.

Yadda al'ada ta sha gaban Shari'a

Kafin a fahimci aikin da ta yi, sai an fahimci matsalar da ta tarar. Turawa sun ci Punjab da yaƙi a 1849. A 1872 suka yi dokar da ta tsara wa kotunan lardin abin da za su yi hukunci da shi. Sashe na 5 na dokar ya tanadi cewa a al'amuran gado da aure da saki da kyauta da makamantansu, alƙali zai fara duba al'adar da masu shari'ar suke bi. Sai idan ba a tabbatar da wata al'ada ba ne zai koma ga Shari'ar Musulunci ga Musulmi. Jami'an da ke ƙiyasin harajin ƙasa suka riƙa bin gundumomi suna tambayar dattawan ƙauyuka yadda suke rabon gado, suna rubutawa a kundin da ake kira Riwaj-i-Am. Waɗanda ake tambaya maza ne masu gonaki. Abin da suka faɗa ya zama hujja a kotu.

Ga abin da al'adar mafi yawan ƙabilun manoma ta tanada game da gonar da aka gada kaka da kakanni. 'Ya'ya maza su ne ke rabawa tsakaninsu. Idan mamaci bai bar ɗa namiji ba, matarsa za ta ci amfanin gonar muddin tana raye kuma ba ta sake aure ba, amma ba ta mallake ta ba, ba ta da ikon sayarwa ko kyautarwa yadda ta so. Bayanta sai gonar ta koma ga dangin miji maza, ko da na nesa ne, a tsallake 'yar cikinsa. 'Yar'uwa kuwa galibi ba a ma lissafa ta cikin magada. Hujjar da ake kafawa ita ce 'ya mace ta gidan wani ce, idan aka ba ta gona za ta fitar da ita daga dangi. Wannan tsari ya yi wa Turawa daidai, domin suna son ƙauyuka su zauna a hannun dangogin da suka sani, waɗanda ke biyan haraji kuma suke ba da samari ga rundunar soja, wadda kaso mai yawa nata daga Punjab yake fitowa.

Mai karatu zai ga cewa hujjar tsohuwa ce. Larabawan jahiliyya ma ba sa ba mata da ƙananan yara gado. Malaman hadisi, cikinsu har da Abu Dawud da Tirmizi, sun ruwaito cewa bayan Sa'ad ɗan Rabi'u (RA) ya yi shahada a Uhudu, ɗan'uwansa ya kwashe dukiyar, matarsa ta zo da 'ya'yanta mata biyu ta kai kuka wurin Manzon Allah (SAW). Da ayar gado ta sauka, sai ya umarci a ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, a ba uwarsu sumuni, baffansu ya ɗauki abin da ya rage. Abin da aka rushe a Madina shi ne kotunan Punjab suka raya da sunan al'ada, a cikin mutanen da ke sallah da azumi.

Malamai ba su yi shiru ba. Ƙungiyar malaman Indiya ta Jam'iyyatu Ulama'il Hind ta matsa lamba, har lardin iyakar arewa maso yamma ya yi dokar aiki da Shari'a a 1935, majalisar tarayya da ke Delhi kuma ta yi tata a 1937. Sai dai dokar 1937 ta fito da giɓi babba: ba ta shafi gonaki ba. Dalili shi ne kundin mulkin Indiya na 1935 ya sa gadon ƙasar noma cikin abubuwan da majalisun larduna kaɗai ke da ikon yi wa doka. A lardin da arzikinsa noma ne, wannan daidai yake da a ba mace da dama a karɓe da hagu. Makullin ya koma hannun majalisar Punjab, kuma manyan masu gonaki ne suka cika ta.

Makarantarta ta farko: teburin shawara a Landan

Yadda mace ta sami kujera a wannan majalisa ma yana da tarihi, kuma Begum Jahanara tana cikinsa. Tsakanin 1930 da 1932 gwamnatin Birtaniya ta kira tarurruka uku a Landan domin tattauna sabon tsarin mulkin Indiya. A zagaye na farko mata biyu ne kacal cikin wakilan Indiya: ita da Radhabai Subbarayan daga Madras. Ta halarci dukkan zagayen uku, sannan ta shiga tawagar Indiyawan da suka zauna da kwamitin haɗin gwiwa na majalisar dokokin Birtaniya a 1933. A tsakiyar wannan hidima mahaifinta ya rasu, a watan Janairun 1932, ta ci gaba ba tare da shi ba.

Muhawarar da ta fi shafar ta ita ce ta ƙuri'ar mata da kujerunsu. A lokacin sharaɗin jefa ƙuri'a ya dogara ne galibi kan mallakar dukiya ko biyan haraji. Macen da aka hana gado ba ta da dukiya, wadda ba ta da dukiya ba ta da ƙuri'a, wadda ba ta da ƙuri'a kuma babu mai jin kukanta a majalisar da za ta gyara dokar gadon. A zagaye na farko ita da abokiyar tafiyarta sun goyi bayan a keɓe wa mata kujeru na wani lokaci, manyan ƙungiyoyin mata na gida kuwa suka ce su ƙuri'a ga kowane baligi suke so, ba keɓewa ba. Abin da ya fito a kundin 1935 tsaka-tsaki ne. An sassauta sharuɗɗa har mata masu ƙuri'a suka kai kimanin miliyan 6, aka keɓe musu kujeru 41 a majalisun larduna. A Punjab, cikin kujeru 175, huɗu na mata ne, biyu daga ciki na matan Musulmi, dukansu a Lahore.

A zauren majalisar Punjab

A zaɓen 1937 ta ci ɗaya daga cikin kujerun nan biyu, ta mazaɓar kewayen Lahore, a ƙarƙashin jam'iyyar Unionist wadda ta kafa gwamnati da Sikandar Hayat Khan a matsayin firimiya. Aka naɗa ta sakatariyar majalisa mai kula da ilimi da asibitoci da lafiyar jama'a. Wannan muƙami ƙasa yake da na minista, amma mai riƙe da shi yana tsakiyar aikin zaure. Yana taya minista shirya amsoshin tambayoyin da 'yan majalisa suka aiko, yana tashi ya amsa a madadinsa, yana kare kason ma'aikatarsa idan an zo muhawarar kasafin kuɗi, yana bin ƙudurori zuwa kwamiti. A shekara ta gaba, 1938, mijinta ya rasu.

Yana da kyau ɗalibai su san yadda ƙuduri ke tafiya a irin wannan majalisa, domin a nan ne labarin zai juya. Ana neman izinin gabatar da shi, a yi muhawara kan manufarsa gaba ɗaya, sau da yawa a miƙa shi ga kwamiti ya tace, a dawo da shi a bi shi sashe-sashe ana kawo gyare-gyare, sannan a kaɗa ƙuri'ar ƙarshe, gwamna ya rattaba hannu. Amma kafin duk wannan sai ƙudurin ya sami gurbi a jadawalin ranar zama, kuma gwamnati ce ke da rinjaye wajen tsara jadawalin. Ranakun da aka ware wa ƙudurorin ɗaiɗaikun 'yan majalisa kaɗan ne. Saboda haka wanda ke son kashe ƙuduri ba ya buƙatar ya tashi ya soke shi a gaban jama'a. Ya ishe shi ya hana shi ranar saurare, ko ya sa a tura shi neman ra'ayin jama'a har wa'adin majalisar ya ƙare.

Jam'iyyar da ta shiga majalisa da tutarta haɗakar manyan masu gonaki ce, Musulmi da Hindu da Sikh, kuma tsarin al'ada shi ne ginshiƙin ƙarfinta. Tsawon mulkin Unionist, daga 1937 zuwa 1947, dokar gadon gona ba ta sauya ba. Begum Jahanara ta yi waɗannan shekaru tana aikin makarantun 'yan mata da lafiyar mata da yara, tana kuma ganin da idonta yadda rinjaye ke danne magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

Kora da dawowa

Tana cikin Muslim League a matakin ƙasa, ta kuma zauna a kwamitin mata na jam'iyyar da aka kafa a 1938. A 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Gwamna-Janar ya kafa majalisar ba da shawara kan tsaro, ya naɗa wasu fitattun Musulmi ba tare da tuntuɓar jam'iyyar ba. Muhammad Ali Jinnah ya umarci duk ɗan jam'iyyarsa da aka naɗa ya ajiye. Firimiyan Punjab ya ajiye. Ita ta ƙi, aka kore ta na shekara biyar. Wannan ya jawo mata suka mai yawa a cikin Musulmi, a daidai lokacin da kiran kafa Pakistan ke ƙara ƙarfi.

Gabanin zaɓen 1946 ta koma jam'iyyar, aka karɓe ta, ta sake cin kujerarta. Muslim League ta kwashe mafi yawan kujeru 86 na Musulmi a Punjab, bayan yaƙin neman zaɓen da aka yi da sunan Musulunci, tare da goyon bayan shehunan ɗariƙu da malamai da dama. Duk da haka Khizar Hayat Tiwana na Unionist ya haɗa kai da wasu jam'iyyu ya ci gaba da mulki. A wannan shekara Jinnah ya tura ta Amurka tare da M. A. H. Ispahani domin su bayyana matsayin jam'iyyar. A ƙarshen Janairun 1947 aka kama ta tare da sauran shugabannin jam'iyyar a Lahore, a farkon boren da ya ƙare da murabus ɗin Tiwana ranar 2 ga Maris. A watan Agusta aka raba ƙasar, aka raba Punjab kanta gida biyu, aka kashe dubban ɗaruruwan mutane, miliyoyi suka bar gidajensu. Lahore ta cika da 'yan gudun hijira, da zawarawa, da marayu.

Ranar da aka zare ƙudurin

A farkon 1948 majalisar Punjab ta Yamma, ɓangaren da ya faɗa Pakistan, ta zauna zaman kasafin kuɗi a ƙarƙashin firimiya Nawab Iftikhar Hussain Mamdot. An shirya ƙudurin da zai sa Shari'a ta maye gurbin al'ada, har da gadon gona. Da lokaci ya matso sai aka zare shi daga jadawalin.

Ba wuya a gane dalilin bin wannan hanya. Mutanen da suka nemi ƙuri'a da sunan Musulunci shekara biyu da suka wuce ba za su iya tashi a zaure su ƙi ayar gado ba. Amma da yawansu gonakinsu ne za a raba da 'yan'uwansu mata. Zare ƙudurin zai ba su damar tsira da gonar da kuma sunan. Wanda bai san aikin majalisa ba zai ɗauka jinkiri ne na 'yan kwanaki. Begum Jahanara, da ta yi fiye da shekara goma a wannan zaure, ta san ƙudurin da ya rasa gurbinsa yana iya kwana a aljihun tebur har abada.

Matan da ke majalisar suka kai maganar ga kwamitin mata na jam'iyyar. Dubban mata suka fito titunan Lahore suka nufi ginin majalisar, tana kan gaba tare da sauran jagororin mata. Abin da suke nema ba sabon abu ba ne da za a ce sun kwaso daga waje, rabon da ke cikin Alƙur'ani ne, kuma wannan ya rufe bakin masu hujja. Firaminista Liaquat Ali Khan ya sa baki, aka mayar da ƙudurin, aka zartar da shi. Dokar aiki da Shari'a ta Punjab ta Yamma ta 1948 ta kawar da fifikon al'ada a gado, ta tabbatar wa 'ya da mata da uwa da 'yar'uwa rabonsu a cikin ƙasar noma. Bayan shekara 76, alƙalin Punjab ya koma duba littafin fara'ili tun daga farko.

Farin cikin bai daɗe ba. Ranar 15 ga Afrilu, 1948, 'yarta Mumtaz Shahnawaz, marubuciya kuma mai shirya ƙungiyoyin mata, ta rasu a haɗarin jirgin sama a Shannon ta ƙasar Ayalan, a hanyarta ta zuwa Amurka, tana da shekara 35. Uwar ta yi haƙuri ta koma bakin aiki.

A majalisar tsara kundin mulki

Majalisar tsara kundin mulkin Pakistan ta fara zama a Karachi ranar 10 ga Agusta, 1947, da mambobi 69, daga baya suka zama 79. Mata biyu ne a cikinta: Begum Jahanara da Begum Shaista Ikramullah. Majalisar tana aiki biyu, tana rubuta kundin mulki kuma tana yi wa ƙasa dokoki. A watan Maris na 1949 ta zartar da ƙudurin manufofin ƙasa, wanda ya tabbatar da cewa mulki na Allah ne, ikon da ke hannun jama'a kuma amana ce. Daga nan aikin ya koma kwamitoci, inda ake rubuta sashe-sashe, kuma a nan ne Begum Jahanara ta fi zuba ƙarfinta.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Cikin malaman da aka nemi shawararsu akwai masu ganin bai kamata mace ta zauna a majalisa ba, in kuma ya zama dole, to ta kasance mai shekara 50 zuwa sama, mai kiyaye lulluɓi. Duk da haka matan biyu sun ci gaba da halartar zama. A 1954 ta gabatar da takardar haƙƙoƙin mata, wadda ta nemi daidaito a gaban doka, da albashi ɗaya kan aiki ɗaya, da keɓaɓɓun kujeru, da lamunin cewa za a ba matan Musulmi dukkan haƙƙoƙin da Shari'a ta ba su. Ranar 24 ga Oktoba na wannan shekara Gwamna-Janar Ghulam Muhammad ya rushe majalisar kafin ta kammala. Kundin da wata majalisar ta zartar a 1956 ya keɓe wa mata kujeru 10, biyar daga kowane ɓangare na ƙasar, na tsawon shekara goma. Ba a kai ga yin babban zaɓe a ƙarƙashinsa ba soja suka soke shi a 1958.

Inda ta saɓa da malamai

Adalci ya wajabta mu faɗi wannan ɓangare. A 1955, bayan firaminista Muhammad Ali Bogra ya ƙara aure ƙungiyoyin mata sun yi ca, gwamnati ta kafa hukumar duba dokokin aure da iyali mai mutum bakwai. Begum Jahanara tana cikin mata uku da aka naɗa. Rahoton da suka miƙa a 1956 ya ba da shawarar rajistar aure, da taƙaita ƙarin aure sai da izini, da sa ido kan saki, da ba jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa kaso a gado. Malami ɗaya da ke cikin hukumar, Maulana Ihtisham-ul-Haq Thanvi, ya rubuta doguwar takardar rashin amincewa. Gwamnatin Ayub Khan ta ɗauki da yawa daga shawarwarin ta yi dokar iyali ta 1961, kuma har yau malaman Pakistan suna jayayya kan wasu sassanta, musamman na gadon jika da na saki.

Akwai abin lura a nan. A 1948, da ta tsaya kan nassi bayyananne, ita da malamai suna layi ɗaya, abokan hamayyarsu kuwa son zuciya ne da al'ada, kuma babu wanda ya iya juya abin da aka zartar. A 1956, da aka shiga abubuwan da ke buƙatar ijtihadi, aka kuma bar masu fiƙihu a matsayin tsiraru a teburin, an sami dokar da aka yi shekaru ana taƙaddama a kanta. Ba mu kawo tarihinta domin a bi ta a kowane ra'ayi ba. Kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayar masa, ban da Manzon Allah (SAW).

Ƙarshen rayuwarta da abin da ta bari

A 1971 ta wallafa tarihin rayuwarta da Turanci, ta sa masa suna Father and Daughter, wato uba da 'ya, saboda matsayin mahaifinta a tarbiyyarta ta siyasa. Ta rayu har ta ga ɗaya 'yarta, Nasim Jahan, ta zauna a majalisar da ta zartar da kundin mulkin Pakistan na 1973. Ta rasu ranar 27 ga Nuwamba, 1979, tana da shekara 83.

Dokar 1948 ba ta gama aikin ba. A 1962 aka yi wata doka ga dukkan Pakistan ta Yamma, wadda ta kawo ƙarshen tsarin da bazawara ke cin amfanin gona ba tare da mallaka ba. Sannan masu cin haƙƙi suka sake dabara: maimakon hana 'yar'uwa a kotu, sai a matsa mata ta sa hannu cewa ta yafe wa 'yan'uwanta maza, ana tsorata ta da yankewar zumunci. Abin ya yi yawa har a 2011 majalisar Pakistan ta mayar da hana mace gado ta hanyar yaudara babban laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 5 zuwa 10, ko tarar rufi miliyan ɗaya, ko duka biyun.

Ya ku 'yan'uwa, wannan dabara ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Kotunan Shari'a a ƙasar Hausa suna raba gado bisa fara'ili, babu dokar da ta hana 'ya mace gona ko gida. Amma akwai gidan da mahaifi ya yi shekara ashirin da rasuwa ba a raba ba, babban wa yana noma gonar yana karɓar kuɗin hayar shaguna, ƙannensa mata suna gidajen mazajensu suna jin nauyin tambaya. Babu wanda ya ce ya ƙi ayar. An dai zare maganar daga jadawalin gida, kamar yadda aka zare ta daga na majalisar Lahore. Akwai kuma inda ake kimanta gona da farashin da bai kai ba, a miƙa wa mace 'yan kuɗi a ce an sallame ta. Yafewar da ta inganta ita ce wadda mace ta yi bayan ta san adadin rabonta, tana da ikon karɓa, babu tsoro babu kunya da aka ɗora mata. Nan take bayan ayoyin gado, a aya ta 13 da ta 14, Allah Ya kira waɗannan hukunce-hukunce iyakokinSa, Ya yi alkawarin Aljanna ga wanda ya kiyaye, Ya yi gargaɗi da wuta ga wanda ya ƙetare.

Ga ɗalibai kuma, maza da mata, tarihin Begum Jahanara yana nuna cewa sanin hukunci abu ɗaya ne, sanin hanyar da za a isar da shi ga mai haƙƙi wani abu ne daban, kuma al'umma tana buƙatar duka biyun. Malaman Punjab sun san rabon 'ya mace tsawon shekarun nan 76, sun karantar, sun yi fatawa. Abin da ya rage shi ne wanda zai zauna a zaure ya san lokacin da aka taɓa jadawali, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kafin zaman ya watse. Wanda Allah Ya ba damar karanta fiƙihu ya haɗa da sanin dokar ƙasa da tsarin kotu da na majalisa, ya riƙe wannan a matsayin amana. Wanda kuma yake riƙe da dukiyar mamaci a yau, ya kira magada maza da mata, ya nemo malamin da ya san fara'ili, a raba tun yana da rai da lafiya.

Allah Ya jiƙan Begum Jahanara Shahnawaz, Ya karɓi abin da ta dace a cikinsa, Ya yafe mata kurakuranta. Mu kuma Ya tsare mu daga cin haƙƙin marayu da mata, Ya sa mu cika da imani. Amin.